Na biya fam 120 don a kifar da ni cikin teku: yanda ajin koyon komawa cikin kayak ya kasance

Tun ranar da na saka hoton nan da nake sanye da wani abu kaman siket a ƙugu jama'a suka dame ni, wasu da tambaya wasu da tsiya zalla, wai an je Turai an koma sa buje. Toh ga bayanin abun, da kuma amsar masu tambayar ko kuɗin da na kashe sun biya, don akwai mutum biyu cikin 'yan uwanmu mazauna nan Birtaniya da suka ce suna so su je amma sai sun ji daga bakina tukuna. Ba zan faɗi sunan makarantar ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi, kuma ba na so ya zama na ɓata wa mutane sana'a a kan zuwa ɗaya da na yi, iyaka dai a gaɓar yammacin Sikotland take wajen garin Oban.

Ni ɗan birni ne, ruwan da na sani ina yaro bai wuce kududdufin unguwa da aka hana mu shiga ba, iyo ma sai da na zo Gilasgo na koya da gemuna a wurin wanka na gwamnati, tare da yara 'yan shekara bakwai suna kallona. Wani abokin aikina ne ya ja ni harkar kayak, wato siririn kwale-kwalen nan na mutum ɗaya da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, daga rakiya sai abun ya shige ni har na sayi nawa na hannu, tsawonsa ya haura mita 5 faɗinsa kuwa da kaɗan ya wuce rabin mita. Bazara biyu ina yawo da shi a tafkin Loch Lomond, daga Balmaha in zaga tsibiran nan in dawo, ko sau ɗaya ban taɓa kifewa ba, har na fara jin kaina wani sarkin ruwa. Rannan ina ɗaure kaya uwargida ta ce min wai ni kam in abun nan ya kife da kai a tsakiyar ruwa ya za ka yi? Na ce sai in koma ciki mana. Ta ce ka taɓa gwadawa? Wallahi na rasa abun cewa, na ɗan yi 'yar dariya na fita, amma maganar ta tsaya min a rai, don bidiyo kam na kalla sun fi ashirin a YouTube amma ban taɓa jiƙa ko rigata da sunan gwaji ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, a daren na nemi aji na biya.

Ajin na wuni ɗaya ne, ƙarfe 9:30 na safe zuwa 4:30 na yamma, fam 120 har da aron jirgi da kayan sawa, babu abinci a ciki, wannan sun faɗa tun farko ban da matsala da shi. Daga tashar Queen Street ta Gilasgo zuwa Oban jirgin ƙasa na cin wajen awa uku, don haka kwana na yi a can, ka ga in ka haɗa kuɗin jirgin ƙasa da na masauki lissafin ya kusa ninkawa, duk mai niyyar zuwa ya sa wannan a ransa. Watan Mayu ne, rana ta fito tas har mutanen gari suna yawo da gajeren wando, ni ma na ce yau an dace. Ashe hasken rana daban sanyin teku daban, ruwan bai wuce digiri 10 ba a wannan lokacin.

Bari in fara da abun da ya ɓata min rai don in sauke shi. Kayan aro. An ba ni rigar nan ta gaba ɗaya da ruwa ba ya shiga, wadda ake shiga ta zik a ƙirji mai robar da ke kama wuya da wuyan hannu, toh tawa robar wuyan ta saki har ta fara tsagewa, na nuna wa yaron da ke raba kaya ya ce ai babu komai haka take. Babu komai ɗin nan ne na yini ina jinsa yana gangarowa ta bayana kaman an sa min ƙanƙara a riga, kafin azahar kayan da ke ciki sun jiƙe sharkaf. Ga wari, irin warin kayan da aka ninke da danshi, gaskiya wanda ya karɓi kuɗin mutane irin haka ya kamata ya shanya kayansa. Sannan wurin canza kaya bayan mota ne kawai a filin ajiye motoci, su ko a jikinsu, kowa ya ɗaura tawul ya tuɓe, ni kuwa sai da na shiga cikin motar kayan na ja ƙofa ina ta kokawa da wando a duhu. Siket ɗin da ake min tsiya a kansa kuma ba ado ba ne, roba ce da ake sawa a ƙugu a ɗame bakinta a kan bakin ramin da mutum ke zama, ita ke hana ruwa shiga jirgin, a gabanta akwai wata 'yar maɗauka da ake ja in ana so a ɓalle ta. Malamar ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana duba ko maɗaukar tana waje, ta ce wanda ya cusa ta ciki ya kife toh ya kulle kansa ne a ɗaki ya jefar da makulli.

Malamar nan ita ce ribar kuɗina, dattijuwa ce ta haura hamsin, gajeruwa, ba ta da yawan fara'a amma ba ta ɓoye gaskiya. Kafin mu shiga ruwa ta tsayar da mu a bakin gaɓa ta ɗan ba mu tarihi, ni kuma dama ina son irin wannan. Asalin jirgin na mutanen Inuwit ne na can ƙuryar arewacin duniya, Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, da itace da fatar dabbar ruwa suke yinsa don farauta, sunan ma daga yarensu ya fito. Su ba su san wani abu wai fita daga jirgi a dawo ba, saboda tsananin sanyin ruwansu kisa yake, rigar fatarsu ma a ɗaure take da bakin jirgin, in ya kife sai mutum ya juyo da shi yana zaune a ciki kaman mai juya waina a tanda. Wani ɗan mishan Bajamushe David Cranz ya lissafa hanyoyi goma da ya ga suna yin wannan juyin a littafin tarihin Girinlan da ya fitar a 1765, Turawa kuwa sai a 1927 aka samu wani ɗan Ostiriya Edi Pawlata da ya shahara da iya shi. Abun da ya fi burge ni shi ne a 1959 wani ɗalibin Jami'ar Gilasgo mai suna Ken Taylor ya je wani ƙauye Illorsuit a yammacin Girinlan aka ƙera masa kayak ya dawo da shi Sikotland, daga awon wannan jirgin aka fitar da samfurin Anas Acuta da kamfanin Valley ya fara yi a 1972, da yawa daga cikin kayak ɗin teku na Birtaniya jikokinsa ne. Wato mun ari jirgin mafarauta ba mu ari gwanintarsu ba, shi ya sa muke biyan kuɗi a koya mana rarrafe mu koma ciki.

Darasin farko shi ne kifewa da gangan. A wani lungu mai kwanciyar ruwa aka jera mu, mu takwas, malamar na tsaye ruwa iya ƙirjinta, ta ce in ka kife ka sunkuya gaba kaman za ka sumbaci jirgin don kada kanka ya bugi dutse, ka buga cikin jirgin sau uku da tafin hannu don na kusa su ji, sannan ka shafo bakin ramin da hannu har ka kai ga maɗaukar, ka tura ta gaba ka ɗaga sama, sai ka dafa gefe biyu ka cire jirgin daga jikinka kaman mai cire wando. A baki kaman wasa. Da layi ya zo kaina na yi bisimilla na karkata, jama'a ban san sanyi ba sai ranar, duk hunturun Kano da na taɓa sha wasan yara ne, kaina ya sara kaman an buga min guduma a goshi, duk abun da aka faɗa ya gudu, bugu ukun ma ban yi ba, na dai tsinci kaina a waje ina haki kaman wanda kare ya biyo, numfashi ya ƙi tsayawa, filafili ya yi gabas jirgi ya yi yamma. Ta bar ni na gama haki sannan ta ce yanzu da a tsakiyar teku ne da iska, jirgin nan ya tafi kenan har abada, don jirgin da babu kowa a ciki iska na tura shi fiye da gudun da kowane gwani zai iya yi da iyo. Dokar farko kenan, kome za a yi hannu ɗaya na kan jirgi, filafili kuma yana tare da kai.

Hakin nan ashe ba tsoro ba ne kawai, jiki ne ke yin haka da kansa in fata ta haɗu da ruwan da ya gaza digiri 15, mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, in kansa na cikin ruwa a lokacin toh ruwa zai ja. Ta koya mana lissafin wani farfesa na Jami'ar Manitoba a Kanada, Gordon Giesbrecht, wato 1 da 10 da 1: minti ɗaya na farko kada ka yi komai sai neman numfashinka ya daidaita, sannan kana da wajen minti goma da hannu da ƙafa za su yi maka biyayya, sai wajen awa ɗaya kafin sanyi ya sumar da kai, wannan ma in kana sanye da rigar da ke ɗaga mutum sama. Wato duk dabarar da za ka yi cikin minti goman nan take, in suka wuce yatsunka sun zama itace. Anan na tuna haɗurran kwale-kwalen da ake ta yi a gida, na Bagwai a 2021 da ya ci ɗaliban Islamiyya da na Warrah a Kebbi duk a shekarar, mu namu ruwan ba sanyi ke kisa ba amma rigar nan mai ɗaga mutum sama dai ita ce maganar, Allah ya jiƙansu.

Sai aka shiga ainihin abun da ya kawo mu. Hanya ta farko ita suke kira hawan kaboyi, ba ta buƙatar kayan aiki ko ɗaya. Da farko sai ka rage ruwan cikin jirgi, ka je wajen hancinsa yana kife, ka ɗan karkata shi don iska ta shiga ramin, ka harba ƙafa da ƙarfi ka ɗaga hancin sama ka juya shi, da yake akwai bango a bayan kujera ruwan ba shi da wurin zuwa sai ya zube. Ni duk ɗagawar da na yi ni nake nutsewa maimakon jirgin ya tashi, sai a karo na huɗu na gane da ƙafa ake yi ba da hannu ba. Daga nan ka koma ta baya, ka bar ƙafafunka su taso saman ruwa kaman mai iyo, kada su rataya ƙasa, ka harba ka ja ƙirjinka ya hau bayan jirgin, ka juya fuskarka ta kalli gaba ka wurga ƙafa ɗaya ka hau shi kaman doki, sannan ka riƙa jan jiki a kwance, ƙirji manne da jirgi ƙafafu a cikin ruwa hagu da dama suna riƙe maka ma'auni, har ka zo kan ramin, ka fara jefa mazaunai a kujera sannan ka shigar da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ban ga kaboyi a nan ba, hawan ƙaho na gani irin na mahauta, don jirgin nan watsar da ni ya riƙa yi. Sau biyar ina zuwa daidai bakin ramin sai in ɗago kai don in ga inda nake, ɗagowar nan kuwa ita ce faɗuwa. Sau ɗaya aljihun rigata da na cusa waya da dabino ya maƙale a murfin ma'ajiyar kaya da ke bayan jirgin, sau ɗaya kuma na zauna a kan siket ɗin na kasa gaba na kasa baya, sai ta ce in riƙa cije bakinsa da haƙori in ina jan jiki. A karo na shida na shiga, na zauna ina dariya ni kaɗai kaman wanda ya ci zaɓe. Wata yarinya 'yar siririya a cikinmu kuwa tashin farko ta shige, wani ƙaton bature mai tumbi kuma har aka tashi bai shiga ta wannan hanyar ba, malamar ta ce masa kada ya damu, hanyar ba ta kowane jiki ba ce kuma ba ta kowane jirgi ba ce, mai ƙaramin rami da dogayen ƙafafu ma ba zai iya ba.

Da rana muka fito kan wasu duwatsu, ta buɗe wata 'yar rumfar leda ruwan lemo muka shige ciki mu duka muna karkarwa, cikin minti biyar numfashinmu ya ɗumama ta, wannan abun sai na saya. Na ce mata zan yi sallah, ba ta yi wani dogon tambaya ba ta ciro kamfas ɗinta ta miƙo min ta ce in ɗauki lokacina, na ji daɗin wannan sosai. Ta kuma raba mana wata alawa tasu ta 'yan Sikotland da ake yi da sukari da madara da man shanu, na sa a baki na ce ikon Allah, wannan ai alawar madara ce, har ɓarɓashin iri ɗaya.

Bayan hutu aka kawo jakar iska ta filafili, wadda dama ita na fi sa rai a kanta don na riga na sayi tawa tun bara tana cikin leda ban taɓa buɗewa ba. Jaka ce rawaya da ake zura bakin filafili a ciki a hura ta, sai filafilin ya zama kaman wata ƙafa da jirgin zai dogara da ita a gefe, ni dai da na gan ta masuntan Argungu na tuna da goransu da suke kwanciya a kai. Yanda ake yi, jirgi na kife ka zura ƙafa ɗaya cikin ramin don ka riƙe shi hannayenka biyu su samu sarari, ka zura jakar, ka ɗaure igiyarta a sandar filafilin, wannan ɗaurin kada ka manta da shi don wani a cikinmu ya manta yana dannawa jakar ta fice ta kama gabanta, sannan ka hura. Hurawar nan ita ce ba a nunawa a bidiyo. Kana haki, leɓenka ya mutu da sanyi, ruwan gishiri na marin fuskarka, ga 'yar murfin da ake murɗawa yatsu sun ƙi kama ta, aljihun iska biyu ne kuma kowanne sai ka cika shi, na ƙirga abun ya ci min kusan minti uku cikin goman nan da ake magana. Akwai ta soso da ba a hurawa, ta ba mu mun gwada, nan take ake zura ta amma ba ta kai ta iska ɗaukar nauyi ba kuma ga cin wuri a saman jirgi, ni da na auna sanyin ruwan nan inaga ta soson zan koma.

In ka gama sai ka juya jirgin, ka gicciya filafilin a bayan ramin, jakar na can nesa a kan ruwa, hannu ɗaya ya haɗa sandar da bakin ramin ya damƙe, ka harba ka hau da ƙirji kana kallon baya, ƙafa ɗaya ta maƙale sandar, ka zura ɗayar cikin ramin sannan ta biyun ta bi, sai ka murɗa jiki ka juyo ta ɓangaren jakar har ka zauna. Sirrin duka ɗaya ne, nauyinka ya zauna a ɓangaren jakar koyaushe, ko kaɗan ka karkata ɗaya gefen sai ka ga jakar ta tashi sama ta yi baka ta faɗa can kai kuma ka koma ruwa, har suna da sunan da suke kiran wannan faɗuwar, wai bakan gizo rawaya. Na yi bakan gizo biyu masu kyau kafin na samu. Ta kuma nuna mana wata da ake kwanciya rigingine a ruwa a saƙala dunduniya cikin ramin a mirgino sama, wannan ita ta ceci baturen nan mai tumbi don ƙarfin ƙafa take so ba na hannu ba.

Shiga jirgi kuma ashe rabin aiki ne. Ka zauna cikin ruwa har cinya, jirgin da ruwa ke kai da komo a cikinsa kuwa ya fi komai saurin kifewa, ga famfon hannu mai kama da na ba tayar keke iska da sai ka sa hannu biyu, toh wa zai riƙe filafili? Haka za ka danne sandar da gwiwar hannu kana buga famfo, na yi ta bugawa har kafaɗata ta ƙage ruwan bai ƙare ba, sannan ka mayar da siket da yatsun da ba ka jin su.

Wajen ƙarfe uku ta ce toh yanzu mu fita daga lungun nan. Ba nisa muka yi ba, mun dai zagaya wani dutse ne inda iska ke bugowa, igiyar ruwan ba ta fi tsayin gwiwa ba, irin wadda in kana kallo daga gaɓa za ka ce ruwan a kwance yake. Ta ce kowa ya kife ya yi abun da ya koya, tana gefe da igiyar jan jirgi. Jama'a duk abun da na yi taƙama da shi da safe ya rushe. Hawan kaboyi sau uku ina faɗowa tun kafin in kai rabi, na koma jakar iska, na hura da ƙyar, na hau, igiya ɗaya ta zo ta ɗaga jakar ta sauke sai ga ni a ruwa, na sake hawa na samu na zauna har na ciro famfo, daidai lokacin babban jirgin da ke zuwa tsibirin Mull ya wuce can nesa, bayan ɗan lokaci igiyarsa ta iso, shikenan na sake komawa. A nan ƙarfina ya ƙare gaba ɗaya, hannuna ya ƙi damƙar igiyar jirgin, ruwan da ke shiga ta wuyan rigar nan ya gama da ni, na ɗaga mata hannu. Cikin mu takwas mutum biyu ne suka koma da kansu suka kuma tsaya. Ni a raina na ɗauka za ta ce mun yi ƙoƙari irin yanda masu karɓar kuɗi ke lallaɓa mutane, sai ta ce abun da take so mu gani kenan, yanayin da ya kifar da kai yana nan yana jiranka in ka koma ciki, kuma ka koma a gajiye da jirgi cike da ruwa, jakar nan ba laya ba ce, wanda ya saye ta ya ajiye bai gwada ta cikin igiya ba gara ma bai saya ba don za ta ba shi ƙarfin halin zuwa inda bai kamata ba. Kaman da ni take.

Ni kuwa ita ta mayar da ni, ta kamo hancin jirgina ta jawo shi kan nata a gicciye ta juye ruwan, ta jera shi gefen nata ta kwanta a kai ta riƙe, na saƙala dunduniya na mirgina ciki, duka bai fi minti biyu ba kuma jirgin babu ruwa. Abun da na sha minti goma sha wani abu ina fama ni kaɗai. Daga nan ta sa muka yi wa juna bibbiyu, ni da ban iya ceton kaina ba sai ga ni na ceci ƙaton bature, hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. Ta ƙara da cewa waya ta zauna a jikinka cikin jakar da ruwa ba ya shiga ba a cikin jirgi ba, a nan ƙasar 999 za ka kira ka ce a haɗa ka da masu gadin gaɓa, mai rediyon ruwa kuma tasha ta 16, kuma ka kira tun yatsunka na iya danna waya.

Sauran ƙorafina biyu. A tallarsu sun rubuta har da komawa cikin jirgi yana kife a juyo da shi, wato ka shiga ta ƙarƙashin ruwa kai ƙasa ka yi juyin wainar nan, toh nuna mana kawai ta yi sau biyu ana saura minti goma a tashi, babu wanda ya gwada, kuma gaskiya babu yanda za a yi wanda bai iya juyin ba ya koye shi a wuni ɗaya, su cire shi daga talla kawai. Na biyu mutum takwas sun yi wa malami ɗaya yawa, mataimakinta yaro ne da shi ma koyo yake, rabin lokacin muna shawagi ne muna jiran layi sanyi na cin mu, da mu biyar ne ko shida da kowa ya samu ninkin gwajin da ya yi. Na rubuta musu maganar rigar, sun ba da haƙuri sun ce sun cire ta daga cikin kayan aro, kuɗi dai ba su rage min ko fam ɗaya ba.

In maki zan bayar, malama biyar cikin biyar, kayan aro biyu, ajin gaba ɗaya huɗu. Wanda jirginsa irin na zama a sama ne, irin wanda na taɓa hawa a tafkin Jabi, mara rami mara siket, ba sai ya kashe wannan kuɗin ba, nasa juyawa ne kawai ya hau da ciki ya juya ya zauna, ya samu wuri mara zurfi da abokin da zai tsaya masa ya gwada sau goma sanye da rigar da ke ɗaga mutum sama. Amma mai jirgin rami da ke fita ruwan sanyi ya je, ya tafi da kayan sawa na ciki kala biyu da shayi a fulas, ya kuma duba robar wuyan rigar da kyau kafin ya karɓa, in ta saki ya ƙi ta ko yaron zai ɓata rai.

Da na dawo gida uwargida ta tare ni a ƙofa ta ce toh ya, ka iya komawar? Na ce a ruwan kwance na iya. Ta ce a na tsaye fa? Na ce a miƙo min man zafi tukuna, don ƙirjina da cinyoyina duk sun yi shati kaman wanda aka yi wa dukan sharo. Abokin aikin nan nawa mun yi da shi Asabar mai zuwa za mu haɗu a Milarrochy a bakin tafkin Loch Lomond, shi zai tsaya a gefe da agogo ni kuma in yi ta kifewa.